Auna Makaranta da Nasarar 'Yan Wasanta: Ma'aunin Amurka da Ƙwallon Ƙafa a Masarautar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake jera jami'o'in Amurka bisa yawan ɗalibansu da suka zama ƙwararrun 'yan wasa, sannan ta auna dacewar tsarin da ƙananan hukumomin masarautar Gumel huɗu, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta nuna cewa ma'aunin yana fifita wanda ya sayar da ɗan wasa a kan wanda ya rene shi.

Asalin ma'aunin

A ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, jami'a ce kusan ƙofa ɗaya tilo ta zama ƙwararren ɗan wasa. Ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suna zaɓen sababbin 'yan wasa kowace shekara a zagaye 7, kuma ba a ɗaukar matashi sai ya cika shekara 3 da gama sakandare. Kowane suna yana tafe da sunan jami'arsa, don haka ƙidaya ba ta ba da wahala: jami'o'in Notre Dame da USC kowace ta haura mutum 500 a tarihin zaɓen. Ko can ma akwai abin dubawa, domin jami'ar da ta yi suna ita ke kwashe haziƙan yara tun daga sakandare, sai a ba ta lada a kan baiwar da ta tarar.

Yadda abin yake a gida

A Nijeriya akwai gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, akwai kuma NICEGA ta kwalejojin ilimi irin wadda ke Gumel, amma ba ta nan ƙwararru ke fitowa ba. Yaro yakan fara ne a filin firamare bayan la'asar, wani sa'in ba ko takalmi, a hannun kocin unguwa da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Idan ƙafarsa ta yi kyau, sai a ji shi a Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars.

Tarihin Ahmed Musa ya isa misali. Ya tashi a makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos, ya buga wa JUTH, ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Mosko a 2012 da Leicester a 2016. Wa za a rubuta wa wannan nasara? A bakin 'yan kallo dai ɗan Pillars ne, alhali kakar wasa guda ya yi a Kano kafin ya fita waje. Da wannan lissafi, duk yaron Gagarawa da ya yi fice zai shiga kundin Dutse ko na Kano, masarautar ta tashi a tutar babu.

Ma'aunin da ya fi dacewa

Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kowace gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. Wannan rabo shi ya kamata a mayar maki wajen jera makarantu da ƙungiyoyi. Sharaɗinsa guda ne, wato rajista, domin wanda bai shiga takardar tarihin ɗan wasa ba ba ya samun ko sisi.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Jigawa da sassan wasanni na ƙananan hukumomin nan huɗu su yi wa ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni rajista, tare da sunan kowane yaro tun yana ɗan shekara 12.