Air Beetle: Jirgin Saman Da Aka Haɗa A Kaduna Daga Cikin Akwati

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan injiniya da ke ta fama da neman taken furojet.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar an nuna wani abu an ce a Najeriya aka yi shi, sai ka ji wani ya ce, "Kai rabu da su, haɗi ne kawai, kayan Turawa aka ɗaure." Shi ke nan an kashe maganar. To yau ina so in ba mu tarihin wani jirgin sama wanda da gaske haɗi ne, mu duba tare mu gani ko haɗi abin rainawa ne.

Mu da ke karatu a Abuja, musamman 'yan Jami'ar Abuja da ke kan titin filin jirgi, kullum jirage na wucewa ta samanmu, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa an taɓa haɗa jirage sittin a nan Kaduna, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Sunan jirgin Air Beetle, wato buzuzun sama.

Asalinsa daga Amurka ne. Can akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta mutum ya ƙera ƙaramin jirginsa a garejin gidansa, har suna da ƙungiya tun 1953, wadda ke yin gagarumin taro duk shekara a garin Oshkosh. Dokarsu ta yarda ka yi rajistar jirgin ka tashi da shi, matuƙar kai ka yi fiye da rabin aikin da hannunka, kuma mai bincike ya duba ya sa hannu. Wani injiniya mai suna Richard VanGrunsven ya kafa kamfanin Van's Aircraft a jihar Oregon a farkon shekarun 1970, yana sayar da zane da kayan haɗi. Cikin jiragensa akwai RV-6A, mai kujera biyu gefe da gefe, da taya ɗaya a gaba biyu a baya. In babu mai babu mutum a ciki, nauyinsa bai kai kilo 500 ba. Motar Golf ɗin da ke haya a Gwagwalada ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

A ƙarshen shekarun 1980 rundunar sojan sama na neman abin da zai maye gurbin Bulldog, jirgin Birtaniya da ake koya wa sababbin matuƙa tuƙi da shi a Kaduna. Ku tuna zamanin SAP ne, naira ta faɗi, kuɗin waje ya yi wuya. Sai wani kamfani a Kaduna mai suna AIEP, wanda daga baya aka fi sani da Dornier Aviation Nigeria ko DANA (ba Dana Air na fasinja ba fa), ya ɗauki RV-6A ya yi masa gyare-gyare don ya dace da aikin horo da yanayinmu. Na gwaji ya tashi a 1989, lokacin ma fadar gwamnati na Legas, ba a dawo Abuja ba sai a Disambar 1991. Daga nan aka yi odar kayan jirgi sittin, aka haɗa su a Kaduna cikin shekarun 1990.

Gyaran da ya fi burge ni shi ne na mai. Irin waɗannan ƙananan jirage suna shan wani fetur ne na musamman, mai tsada da wuyar samu a nan. Sai aka daidaita Air Beetle ya iya shan fetur ɗin mota. Wannan tunanin wanda ya san inda yake zaune ne.

Yanzu bari mu zo kan kalmar "haɗi", don nan ne ake yi mana kuskuren fahimta. Mutum na jin an ce kayan haɗi sai ya ɗauka kamar gadon katako ne, ka ɗaure kusoshi huɗu ka kwanta. Abin da ke fitowa daga akwatin fallayen alminiyon ne, da haƙarƙarin fiffike, da dogon ƙarfen da ke zama ƙashin bayan fiffiken, da buhunan ƙusar ribit, da tulin takardun zane. Kayan RV-6 na wancan lokaci ma ba su zo da hudojinsu a shirye ba. Kai za ka kafa madaidaici, ka auna, ka huda, ka kankare bakin kowace huda don kada tsaga ta faro daga nan, sannan ka buga ribit. Ribit ɗin nan sun haura dubu goma a jirgi ɗaya. Da yawansu sai mutum biyu: ɗaya na riƙe da bindigar iska ta waje, ɗaya na tokare da dunƙulen ƙarfe ta ciki. In ɗaya ta karkace, a huda ta a cire a sake.

Da wutsiya ake farawa, saboda ita ce ƙarama, in ka ɓata asarar da sauƙi. Sai fukafukai, sai gangar jiki, sai injin Lycoming mai silinda huɗu wanda iska ke sanyaya shi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, da hanyar wuta biyu daban, don in ɗaya ta mutu a sama ɗayar ta riƙe ka. Bayan an gama sai a ɗora jirgin a sikeli a lissafa inda nauyinsa ya tattaru, domin in ya yi baya da yawa, jirgin zai ɗaga hanci ya ƙi jin linzami. Mutum ɗaya kan ci wajen awa dubu biyu kafin ya kammala. Yanzu ka ninka wannan sau sittin, ka gaya mini hannun da ya yi wannan aikin bai koyi komai ba.

To ina matsalar take? Ku dubi Pakistan. A shekarun 1970 su ma da akwati suka fara, suna haɗa wani ƙaramin jirgin horo na kamfanin Saab na ƙasar Suwidin, suka sa masa suna Mushshak. Ba su tsaya nan ba. Suka koma ƙera sassan da kansu a Kamra, suka ƙara masa ƙarfin inji ya zama Super Mushshak. A 2016 Najeriya ta sa hannu ta sayi guda goma don horar da matuƙa a Kaduna, aikin da Air Beetle ke yi a da. Haka Burazil: kamfanin Embraer da aka kafa a 1969 ya yi shekaru yana haɗa jiragen Piper na Amurka da wani jirgin Italiya bisa lasisi. Shi ne mai Super Tucano ɗin nan sha biyu da aka kawo mana a 2021. Duk mafarinmu ɗaya da su. Su sun ɗora, mu kuwa da aka gama na sittin sai layin ya tsaya. Sana'ar hannu kuma in ba a yin ta, tafiya take da masu ita.

Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota, har ya ɗaga daga ƙasa 'yan ƙafafu. Jarumta ce babba. Amma sama ba ta karɓar "Allah ya kiyaye" a madadin awo. Abin da kayan haɗi ke ba irin su Mubarak shi ne zanen da aka riga aka gwada, da tarbiyyar bin ƙa'ida, ta yadda ranar da za ka zana naka ka san dalilin kowace huda. Sai ka iya rarrafe kafin ka tashi tsaye.

Kuma buƙatar na nan a Arewa. Akwai ƙananan jirage da ake kira jiragen daji, masu fiffike a sama da manyan tayoyi, irin su Zenith CH 701 da Kitfox, su ma a akwati ake sayar da su. CH 701 na iya tashi a filin da bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Ku tuna duk damina yadda ake neman jirgin feshi in tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonakin Kebbi da Jigawa da Yobe. Ku tuna garuruwan da ambaliya ke yankewa. A Nijar, ƙananan jirage sun daɗe suna kai ma'aikatan lafiya asibitin Galmi daga Yamai.

Tushen ma muna da shi: kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964, da AFIT a Kaduna, garin da aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a 2018, ga kuma sabuwar jami'ar sufurin sama a nan Abuja.

Shawarata ga 'yan aji uku da huɗu ita ce, maimakon furojet goma da za su ƙare a kan kanta suna shan ƙura, ku haɗu ku nemi dipatmen ta sayo kayan wutsiya kaɗai, ana sayar da ita daban kuma ita ta fi araha. Aji ɗaya ya yi wutsiya, ya rubuta duk abin da ya koya, na bayansa ya karɓa ya yi fiffike. Ku tuntuɓi NCAA tun daga farko, don ba a tashi da jirgi sai da izininsu. Masu zuwa SIWES Kaduna ko Zariya kuma, don Allah ku nemi dattawan da suka buga ribit ɗin Air Beetle, ku zauna da su da littafi da biro tun suna raye.

Wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi aiki a wajen, ya taimaka ya ba mu abin da ya ji daga bakinsu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.