Daga Janhol zuwa Shoprite, da littafin bashin Kawu a Ƙanƙara

1/ Jiya da daddare musu ya kaure a ɗakinmu. Wani abokina ɗan Kano ya ce tunda Shoprite ta kulle ta bar Zoo Road, ai ƙananan 'yan kasuwa sun ci yaƙi. Wani ya ce a'a, koma baya ne, ya kamata ma a gina irinta a Funtuwa. Ni da na tashi a shagon Kawuna a Ƙanƙara sai na ji duk ba su taɓo wurin da ke mana ƙaiƙayi ba. Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Mu fara da kalmar kanta. Wannan "kanti" da muke cewa a kare shi daga manyan kamfanoni, sunan aro ne. Turawan kamfani ne ke kiran shagunansu canteen, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi. A farkon zuwansa kanti shi ne babban baƙo mai jari. Namu na gado su ne kasuwa, rumfa, 'yan koli da fatake.

3/ Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15. Ba Bature ne ya koya mana ciniki ba. Abin da ya kawo shi ne ɗaki mai ƙofa da kanta da sikeli, wanda ke buɗe kullum, ba sai ranar kasuwa ba.

4/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 aka fara jigilar kaya sosai, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanoni suka biyo dogo: Niger Company, John Holt da kakanninmu ke kira Janhol, G.B. Ollivant, PZ, da na Faransawa CFAO da SCOA. A 1929 Niger Company ta haɗe da African and Eastern Trade Corporation, aka haifi UAC.

5/ A wannan shekarar ta 1929 layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Nan ne labarin ya shigo gidanmu. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar auduga ce. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansa.

6/ Ku duba yadda abin ke juyawa. Manomin Faskari ko Sabuwa ya kai audugarsa fuloti, a auna, a ba shi kuɗi. Kafin ya kai gida yana bukatar gishiri, kananzir, akoko, atamfa, fitila. Wa ya shigo da su? Kamfani. Audugar tasa ta tafi Ingila ta dawo a ƙyalle. Kuɗin ya fito ta wannan ƙofa ya koma ta waccan, bayan an cire haraji.

7/ Amma ga abin da ban gane ba sai da na zauna na yi tunani a kai: kamfanin bai taɓa iya kai kansa ƙauye ba. Bature ba zai ɗauki gishiri a jaki ya bi kasuwannin mako ba. Dole ya ba Bahaushe kaya bashi da kuɗin sayen amfani, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su ma su rarraba wa nasu.

8/ Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta wannan hanyar ya zama babban mai saya wa kamfani gyaɗa, alhali tun kafin nan ya riga ya yi suna a fataucin goro na Gwanja. Tsohuwar hanyar fatake ce ta ɗauki kayan sabon kamfani a kanta. Kantin Bature ya tsaya a bakin tasha. Daga tasha zuwa lungu, namu ne.

9/ Zuwa na biyu shi ne ya fi kama da Shoprite. A 1948 UAC ta buɗe Kingsway a Legas, katon kanti mai sassa-sassa, farashi a rubuce, ba tayi ba albarka. Daga baya aka yi rassa a manyan birane, Leventis ma ta yi nata. Na manyan ma'aikata ne da Turawa. Kakata ba ta taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba, kuma ba ta ji ta rasa komai ba.

10/ A 1972 gwamnatin Gowon ta fitar da dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa, ta keɓe ƙananan cinikin sayar da kaya ga 'yan Najeriya. A Kano, Kwarori da suka daɗe da riƙe cinikin yadi suka karkata zuwa masana'antu, Hausawa suka cika Kantin Kwari. Wannan kam nasara ce ta gaske, kuma alƙalamin gwamnati ne ya yi ta.

11/ Kingsway fa? Ba mai tebur ne ya kayar da ita ba. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, sannan SAP ta Babangida ta zo a 1986 naira ta karye. Kantin da rayuwarsa ta dogara da kayan waje da albashin ma'aikaci, aka sare masa ƙafa biyu lokaci guda.

12/ A 1986 ɗin nan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Wannan ya fi shafar mu nesa ba kusa ba. Mutanenmu suka ƙara dukufa kan masara da dawa da waken suya, kasuwar hatsi ta Ɗandume da kasuwar dabbobi ta Sheme suka zama su ne bankinmu.

13/ Zuwa na uku kun san shi. Shoprite ta Afirka ta Kudu ta shigo Legas a Disambar 2005. A Maris 2014 ta buɗe a Ado Bayero Mall, watanni kaɗan kafin rasuwar Sarkin. A 2021 masu ita suka sayar da harkarsu ta Najeriya ga Ketron Investment, suka bar suna. A Janairun 2024 reshen Kano ya rufe.

14/ Na shiga wurin sau uku kafin a rufe. Zan faɗi gaskiya: na sayi burodi da lemo, na ɗauki hoto, na sha sanyin AC. Yawancin waɗanda na gani abin da ya kawo su ke nan. Wurin shan iska ne a gare mu, ba wurin cefane ba. Kuma AC ɗin da muke sha kyauta dizal yake ci.

15/ Sai ku haɗa da cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a Yuni. Irin ciwon da ya kashe Kingsway ne ya dawo. Kuma ku lura, Sahad na nan a kan titin Zoo Road ɗin tana ciniki. Don haka ba girman kanti Bakano ya ƙi ba. Wanda ya san atamfa da shadda da kayan lefe ya san abin da zai jera.

16/ To mu koma Ƙanƙara. Shagon Kawu ɗaki ɗaya ne, da benci a waje. Sukari a ƙulli, man gyaɗa a ƙaramar kwalba, omo a leda, magi ɗaiɗai, taliya ko rabin leda kake so za a karya maka. Ba wani katon kanti a duniya da zai sayar maka da madarar shayi ɗaya ya ce ka kawo kuɗin ranar kasuwa.

17/ Manyan kamfanonin ma sun gane haka. Cowbell ta shigo a 1993 da madara a 'yar ƙaramar leda, sauran suka bi sahu. Kamar dai yadda Janhol ya bi ta hannun ɗan koli, haka masu masana'anta na yau suka rage kayansu daidai aljihun mai tebur. Shagon Kawu shi ne ƙarshen igiyarsu. Yana sari a Funtuwa, wani lokaci a Singa a Kano.

18/ Jarinsa na gaske kuwa wani littafi ne mai baƙin bango da ke ƙarƙashin kanta. Ni na riƙa rubuta shi tun ina aji huɗu na firamare, don rubutun bokona ya fi nasa. Malamin makaranta, sai an yi albashi. Manomi, sai kaka. Matar aure ta aiko yaro, a rubuta sunan maigidan. Ba ruwa, ba takarda, ba shaida.

19/ Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai asara ce, rabin jarinka na hannun mutane." Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, in na hana su yau, gobe da suka samu kuɗi wurin wa za su?" Na yi shiru. Sai da na zo jami'a na ji ana koyar da abin da sunaye masu nauyi.

20/ Littafin nan ba ya aiki sai abu uku sun tsaya: a yi noma, kasuwa ta ci, hanya ta buɗe. Manomi ya sayar da buhu biyu ko ɗan akuya, ya biyo ta shago ya rage bashi, Kawu ya samu na sari. A taɓa ɗaya, sauran su girgiza.

21/ Abin da ya taɓa su ba mall ba ne. 'Yan bindiga ne. Duniya ta san sunan garinmu ne a daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya su sama da 300. Amma tun kafin nan mutanen ƙauyukan da ke kusa da daji sun fara barin gonakinsu.

22/ A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta fitar da dokar tsaro: aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai su zaga ta Funtuwa. Aka dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, sai a Disamba ya dawo.

23/ Ba na zo yin hukunci kan dokar ba ne, mutuwa ake yi a lokacin, kuma da yawanmu mun goyi baya. Ina dai faɗin yadda watannin suka kasance daga bayan kanta. Ba POS, ba tura kuɗi, ba kiran dila a tambayi farashi. Wanda ke bin ka da alkawarin "in na sayar da ɗan maraƙina" ba shi da inda zai sayar, in ma ba a kore maraƙin ba.

24/ Farkon 2023 kuma aka shiga ƙarancin takardar kuɗi saboda canjin naira. A makonnin nan unguwarmu da littafin Kawu ta ci abinci. Shi kuma da littafin wani dila a Funtuwa ya cika shago, wanda ya san shi shekara da shekaru ya ba shi kaya a kan magana kawai.

25/ Shi ya sa da aka ce min 'yan kasuwarmu sun ci yaƙi, na kasa yin murna. Sau uku babban kanti na zuwa, bai taɓa tsallake Funtuwa ya iso mu ba, kuma ba mu muka kore shi ba. Wanda ke son a gina mall a yankinmu ma ba na faɗa da shi. Ya gina. Ina dai son ya fara gaya min ta wace hanya motar kayansa za ta bi bayan la'asar.

26/ Da na je hutun ƙarshe na buɗe littafin. Akwai shafi biyu na mutanen wani ƙauye da ya watse. Wasu suna gudun hijira a cikin gari, wasu sun tafi Kano, uku sun rasu, Allah Ya jiƙan su. Na ɗauki biro na ce, "Kawu, in soke waɗannan?" Ya ce na mamatan tun ranar jana'iza ya yafe, in soke. Sauran in bar su.

27/ Ɗazu ya kira ni. Tunda zan taho gida Juma'a, in biya Singa in tambayo masa kuɗin katan ɗin taliya da buhun sukari, in kwatanta da na Funtuwa, in kuma tabbatar na shiga motar safe.