Tsargiya da Sankarar Mafitsara: Abin da Madubin Asibiti Ya Nuna Mana

Aikinmu ba ya cikin ayyukan asibiti da jama'a ke gani. Likitan tiyata ne ke ciro ɗan yankin tsoka daga jikin majinyaci, ya jefa a kwalbar fomalin, a kawo mana. Mu daskarar da shi cikin kaki, mu fere shi siriri, mu rina shi, sannan likitan binciken tsoka ya ɗora a madubi ya faɗi ko sankara ce ko ba ita ba. Wanda ya daɗe a wannan aiki a Kano ko Zariya ko Sakkwato yakan gane tsokar mafitsara tun kafin ya duba takardarta, domin wuƙar na'ura na isa wurin sai ta karce, kamar haƙori ya ci karo da tsakuwa a shinkafa. Ƙwayayen tsutsar tsargiya ne da suka mutu suka ƙandare a bangon mafitsara shekara da shekaru.

Ni ɗan ƙasar Gaya ne, na san yadda muke ɗaukar tsargiya. A Gaya da Ajingi da ƙauyukansu, ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ne kududdufin damina. A nan yara ke wanka, mata ke wanki, dabbobi ke sha. Ga kuma fadamun kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, manya su ce girma ne ya zo, zai daina. Sau da yawa kuwa yakan daina. Ƙwan da ya maƙale ne ba ya fita. Bayan shekara talatin ko arba'in sai a kawo shi magidanci, ya rame, yana fitsari da gudajin jini da ɓarɓashin tsoka.

Tarihin fanninmu yana da shekara guda da nake son kowane ɗalibi ya riƙe, wato 1911. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, amma a 1911 ne A. R. Ferguson, shi ma a Alƙahira, ya rubuta cewa sankarar mafitsara da tsargiya tare suke tafiya a jikin Misirawa. A wannan shekarar dai, a Niyok, Peyton Rous ya nuna cewa bairos na iya sa wa kaza sankara. Hanya biyu suka buɗe a shekara ɗaya. Ɗaya ta samu kuɗi da na'urori da lambobin yabo, ɗayar kuma aka bar wa likitocin ƙasashe masu zafi.

Ta Rous ɗin ma ba ta samu karɓuwa da wuri ba, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel. Afirka ce ta farfaɗo da ita. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a Yuganda, a 1964 kuma Epstein da Barr da Achong suka ga bairos a cikin ƙwayoyinta. Daga nan masana suka bazama neman bairos a kowace sankara. Abin da suka samu ya fi abin da suka fita nema. A 1976 Bishop da Varmus suka tabbatar cewa ƙwayar gadon da bairos ɗin kaza ke haddasa sankara da ita ba tasa ba ce, daga jikin kazar ya ɗauko ta. Ashe sankara a cikin rubutun gadonmu take kwance, abin da zai tayar da ita kawai take jira. A 1979 aka gano p53, mai tsaron wannan rubutu, manne da furotin na wani bairos ɗin biri. A 1982 kuwa ɗakunan bincike uku, na Weinberg da Wigler da Barbacid, suka kama ƙwayar gadon ras ta lalace a sankarar ɗan Adam, kuma harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikinta. Daga ƙwayoyin sankarar mafitsara aka ciro ta.

Mun yi murna da muka karanta wannan, sai dai sankarar ba irin tamu ba ce. Wadda suka yi aiki da ita daga shimfiɗar cikin mafitsara take tasowa, ita ce ta fi yawa a Turai da Amurka, kuma taba da sinadaran masana'antu ne manyan sanadinta. Tun 1895 Ludwig Rehn ya lura da ita a jikin ma'aikatan kamfanin rini a Jamus. Tamu kuwa, shimfiɗar ce ke rikiɗewa tukuna ta koma irin ta fatar jiki saboda daɗewar gyambo, sannan sankara ta tsiro daga nan. Takan zo wa mutum da sauran ƙarfinsa, takan kuma nutse cikin bangon mafitsara da wuri.

A gida an bi tamu hanyar da kayan aikin da ake da su. G. M. Edington ya kafa rajistar sankara a Ibadan a 1960. A shekarun 1970 Pugh da Gilles, ƙarƙashin aikin binciken cututtuka na Malumfashi, suka bi ƙauyuka suna tace fitsari suna ƙirga ƙwai. An gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, ruwa ya zauna a inda a da yake ƙafewa. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike daga Jami'ar Bayero suka zagaya madatsu da tafkunan Kano suna tara ƙananan katantanwar da tsutsar ke girma a cikinta, har suka bi yadda take shigewa cikin laka ta kwana rani, ta farfaɗo da ruwan farko. Wannan aiki ya fi mini yawancin abin da na karanta daga waje amfani, domin shi ya bayyana mini dalilin da kududdufin da ke bushewa ƙurmus kowace shekara bai taɓa rabuwa da cutar ba.

A 1994 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon ta Faransa ta sa tsutsar tsargiya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Alƙaluman gida suka biyo baya. Ochicha da abokan aikinsa sun wallafa a 2003 cewa fiye da rabin sankarar mafitsara da aka duba a Kano irin ta fata ce. Mungadi da Malami suka samu makamancin haka a Sakkwato a 2007. Yadda abin ke faruwa ma an fahimce shi daidai gwargwado: ƙwai ya maƙale, jiki ya yi ta yaƙi da shi ba hutu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su riƙa juya sinadaran fitsari zuwa guba, rubutun gado ya yi ta samun kuskure har ya shafi p53 da 'yan'uwansa.

Bairos fa? An sha neman bairos ɗin HPV, wanda Harald zur Hausen ya alaƙanta da sankarar bakin mahaifa, a mafitsara. Wasu sun gan shi, wasu ba su gani ba, har yau ba a yanke hukunci ba. Bairos ɗin BK yana da hannu, amma galibi a jikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata a ƙasar nan a Oktoban 2023 alheri ne babba ga mahaifa. Ga mafitsarar manomin Ajingi kuwa, tsutsa da taba su ne abin tsoro.

A sankarar huhu ma haka ne. Akwai bairos da ke sa wa tumaki sankarar huhu, an san shi sosai a Afirka ta Kudu, amma a ɗan Adam hayaƙi ne kan gaba. Doll da Hill sun nuna haka a Ingila a 1950, a 1996 kuma aka ga sinadarin hayaƙin taba yana manne wa daidai wuraren da p53 ke lalacewa. Daga 2004 an san cewa masu sankarar huhu da ke da lalacewar ƙwayar gadon EGFR, waɗanda da yawansu ba su taɓa shan taba ba, suna samun sauƙi da ƙwayar magani ta haɗiya. Mu a nan tsokar huhu ba ta cika zuwa teburinmu ba. Mai tari da rama da tofar da jini, maganin tarin fuka ake fara ɗora shi a kai na wata shida, kafin a waiwayi wani abu lokaci ya ƙure. Ƙarancin sankarar huhu a littafinmu ba ya nufin babu ita a gari.

Abin da ke ci mini rai shi ne magani. Zuba rigakafin BCG a mafitsara, wanda Morales ya fara a Kanada a 1976, da maganin da Amurka ta amince da shi a 2019 domin masu lalacewar ƙwayar gadon FGFR3, duk an gina su ne a kan irin ta Turai. Tamu sai a cire mafitsara ɗungum a sa wa mutum jaka. Tambayar farko da dattijo ke yi ba ta mutuwa ba ce: "Likita, yaya zan yi da tsarki da salla?" Da yawa daga nan suke komawa gida, ba a sake ganinsu.

Masar ta nuna cewa ana iya juya lamarin. Da ta rage tsargiya, irin ta fata ta ja baya a asibitocinta. Maganin tsargiya kuwa yana nan, firazikwantal, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi, kuma tun 2007 kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma rabon makarantun boko ba ya kaiwa ga almajirin tsangaya, da yaron da ke kiwo, da masunci, da mai kwana a gonar shinkafa, alhali su ne suka fi kowa shiga ruwa.

A ɗakunan ajiyarmu akwai tubalan kaki na shekaru masu yawa, kowanne da lambarsa da garin mai shi. Ana iya ciro DNA daga cikinsu a karanta, kamar yadda aka yi wa na Misirawa tun shekarun 1990. Muna da matasan da suka koyi wannan aiki. Abin da suke buƙata shi ne sinadaran gwaji, da wutar da ba ta yankewa, da izinin buɗe waɗancan akwatuna.