Marsandin Hitler da Ta Yi Shekara 37 Tana Amsa Sunan Goering

A gidan adana kayan tarihin yaƙi na ƙasar Kanada da ke birnin Ottawa, akwai wata baƙar Marsandi mai tsawon kusan mita 6, wasu gilasanta a tsattsage. Yau an tabbatar cewa motar Adolf Hitler ce. Amma daga 1945 har zuwa 1982, sojojin da suka kama ta, da attajiran da suka saye ta, da shi kansa gidan tarihin, duk sun tafi a kan cewa ta Hermann Goering ce, shugaban mayaƙan saman Jamus. A cikin waɗannan shekaru kuma, wata 'yar'uwarta tana can tana zagaya biranen Amurka, jama'a na biyan kuɗi suna kallonta da sunan motar Hitler, alhali ba tasa ba ce.

Motar sarauta

Samfurin motar shi ne Mercedes-Benz 770, wanda Jamusawa ke yi wa kirari da babbar Marsandi. Kamfanin Daimler-Benz ya ƙera guda 88 kacal na wannan zubi tsakanin 1938 da 1943. Injinta mai silinda 8 ne a jere, girmansa lita 7.7, kuma idan direba ya take totur har ƙasa, na'urar cusa iska takan kama, ƙarfinsa ya kai na doki 230. Waɗanda aka yi wa sulke da gilashi mai hana harsashi shiga sun haura tan 4 a nauyi. A buɗaɗɗun da Hitler ke shiga ran fareti, kujerar gefen direba naɗewa take yi, domin ya miƙe tsaye yana ɗaga wa taro hannu.

Nan ne tushen rikicin. Motocin kusan duk kala ɗaya ne, fasali ɗaya, kuma Hitler ba guda ɗaya gare shi ba. Manyan muƙarrabansa suna da irinsu, sannan yakan aika wa shugabannin ƙasashen da yake zawarci da su kyauta. Da gwamnatin Nazi ta rushe, direbobi suka watse, takardu suka ƙone ko suka ɓace, sai motocin suka zama marayu. Duk wanda ya tsinci ɗaya, sunan da ya fara ji shi yake liƙa mata.

Daga tarago zuwa gwanjo

A farkon watan Mayun 1945, 'yan kwanaki bayan mutuwar Hitler, sojojin runduna ta 20 ta mayaƙan tankoki na Amurka suka iske wannan mota a kan taragon jirgin ƙasa kusa da garin Laufen, arewa da Salzburg, a bakin iyakar Jamus da Austriya. Ba a jima ba magana ta bazu a cikin rundunar cewa motar Goering ce. Maganar ta shiga kunne da sauƙi, domin kowa ya san Goering da son ƙawa da tara kayan alatu, ga shi kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ya faɗa hannun Amurkawa a wannan yanki. Babu wanda ya nemi takarda. An gama yaƙi, ga ganima, ga suna mai jan hankali.

A wannan shekara aka ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Amurka, aka riƙa yawo da ita gari-gari domin jan hankalin jama'a su ba gwamnati rancen kuɗi. Da kasuwarta ta lafa, sai aka jibge ta a ma'ajiyar soja. A 1956 rundunar soja ta yi gwanjonta a sansanin Aberdeen da ke jihar Maryland, wani mai tara tsofaffin motoci daga Montreal ya saye ta ƙasa da dala 3,000. Ya kai ta Toronto aka gyara ta, aka sake mata fenti. Daga hannunsa ta koma wurin wani ɗan kasuwa na lardin Quebec, shi kuma ya ba gidan tarihin yaƙi kyautarta a 1970.

Kowane sabon mai ita, tare da makulli ake miƙa masa sunan Goering. Shi kuma yawan maimaitawa sai ya zama kamar hujja: soja sun faɗa, jaridu sun buga, takardar gwanjo ta ɗauka, allon gidan tarihi ya rubuta. Amma idan aka bi salsalar maganar, duk bakin nan wuri guda suke komawa, wato ji-ta-ji-tar da aka yi a sansani a 1945.

Aikin ɗan laburare

Wanda ya warware ƙullin ba makanike ba ne, ba kuma dillalin motoci ba. Ludwig Kosche ne, haifaffen Jamus da ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya zama mai kula da laburaren gidan tarihin. Jin Jamusanci da haƙurin tonon takardu su ne jarinsa.

Ya fara da abin da baki ba ya iya sauyawa, wato lambobin da masana'anta ta buga a jikin ƙarfe: lambar shasi da lambar inji. Ya rubuta wa Daimler-Benz da ma'ajiyoyin takardu na Jamus yana tambayar wanda ya yi odar motar mai waɗannan lambobi. Kundin kamfanin ya nuna cewa fadar Hitler ce aka kai wa ita, a watan Yulin 1940, makonni kaɗan bayan faɗuwar Faransa.

Bai tsaya nan ba, domin fadar tana da motoci da yawa, kuma kasancewar mota a garejin sarki ba ya nufin sarki ya hau ta. Sai ya koma kan hotunan zamanin yaƙi. Da yake da hannu ake haɗa bodin waɗannan motoci, kowacce tana da 'yan alamominta: yawan tsagogin shan iska a gefen bonet da ƙarƙashin gilashin gaba, yadda aka ɗaura ƙofofi, da lanƙwasar gilashin gefe. Kosche ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwamawa da motar da ke gabansa, ya kuma haɗa da lambar rajistarta ta Berlin, 148697, wadda ta fito a hotunan da Hitler ke cikin motar. A 1982 ya buga sakamakon bincikensa a mujallar tarihin yaƙi ta Ingila mai suna After the Battle. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da kuwa ƙaryar ba da gangan aka yi ta ba.

Wadda ta ci sunan da ba nata ba

Ɗaya motar kuwa, a 1948 wani ɗan kasuwar Chicago, Christopher Janus, ya karɓe ta daga wani abokin cinikinsa na Suwidin a madadin kuɗin kaya. Ya kawo ta New York da sunan motar Hitler, aka yi ta nuna ta ana tara kuɗi don ayyukan jinƙai. A watan Janairun 1973 aka yi gwanjonta a Scottsdale ta jihar Arizona a kan dala 153,000, farashin da ba a taɓa sayen mota da shi a gwanjo ba kafin lokacin.

Gaskiyar magana, kyauta ce Hitler ya aika wa Mashal Mannerheim, babban kwamandan sojan Finland, a 1941. Iyakar alaƙar Hitler da ita, ya shige ta lokacin da ya kai wa Mannerheim ziyarar cika shekara 75 da haihuwa, ranar 4 ga Yunin 1942. Daga baya motar ta shiga tarin motocin Janar William Lyon a Kalifoniya. Marubuci Robert Klara ya bi diddigin motocin biyu a littafinsa The Devil's Mercedes na 2017.

Nauyin gaskiya

Tabbatar da asalin motar Ottawa ya ɗaga darajarta, ya kuma ɗora wa gidan tarihin kaya. A shekarar 2000 shugabansa na lokacin, masanin tarihi Jack Granatstein, ya kawo shawarar a sayar da ita a sami miliyoyin daloli na gina sabon mazauni, yana mai ganin cewa ƙyallinta na iya burge matasa da Hitler maimakon ya tsoratar da su. Jama'a suka yi ca, wasu na tsoron kada ta faɗa hannun masu ɗaukaka aƙidar Nazi su mai da ita abin ziyara. Aka janye maganar. Da aka buɗe sabon ginin a 2005, da motar aka tare.

Muhawarar nan ba za ta yiwu ba in da Kosche bai yi aikinsa ba, domin sai an san abin da ke hannu kafin a yi gardamar yadda za a yi da shi. Haka ma a kasuwar tsofaffin motoci, manyan gidajen gwanjo sukan duba ko lambar shasi ta dace da kundin masana'anta, su kuma jera sunayen waɗanda suka mallaki motar. Inda aka sami shekarun da babu takarda, to a nan mai saye yake rage kuɗi, komai daɗin labarin da mai sayarwa ya zo da shi.