An binciki zuciyar mai jego, saura damuwarta

Jama'a, akwai wani tarihi da ya yi min kama da labarin 'yan sandan ciki, bari in ba ku.

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya sun rasa gane kan wani abu. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni a kawo ta da kumburi da haki, zuciya ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi sawun mata 224, suka fitar da sakamako a 1978. Waɗanda suka zarga duk 'yan gida ne: kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya sake buɗe maganar, bincikensa ya karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. To, ita wannan zuciyar ta samu masu bin kadinta.

Ɗayar fa? Mai jegon da ba ta barci ko da jariri ya yi barci, tana kuka ba dalili, tana jin ba ta cancanci ɗanta ba. A nan wajenmu, Kura da Bunkure, sunanta "iska ta taɓa ta", ko a ce raki ne.

Ni a ganina kakanninmu sun san hatsarin ko ba su ba shi suna ba. Wankan gida, kwana arba'in a gaban uwa, wata tsohuwa na kwana tare da ke, ai gadi ne. Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya iso Kadawa. Alheri ne, babu musu. Amma ranin da ake hutawa ya zama lokacin alkama da tumatir, damina ta shinkafa, tsofaffin da ke zaman jego suka koma gona ƙodago. A 1977 har yajin aiki matan suka yi a Kadawa kan kuɗin lada. Yau amarya na gidan haya ita kaɗai, miji yana fadama tun asuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Tun 1987 akwai tambayoyi goma na Edinbura da ake gano shi da su, minti biyar sun isa. Mu kuwa dokar mahaukata ta 1958 muka riƙe har Janairun 2023, da Buhari ya sa hannu a sabuwa.

Ranar rigakafi ana auna jariri, a rubuta nauyinsa a kati. Ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu su ɗaga kai su tambayi uwar ko tana samun barci.