Watanni Huɗun Da Suka Jefa Galileo Cikin Rigima

Mai karatu, kafin mu yi nisa bari in warware wani ƙulli. Idan na ce "watanni huɗu" a wannan rubutu, ba Muharram da Safar da 'yan'uwansu nake nufi ba. Ina magana ne a kan watanni irin namu na sama, masu kewaya wata duniya, wato wadda Turawa ke kira Jufita, malamanmu na ilmin taurari kuma suka aro sunanta daga Larabci suna ce mata Mushtari. In ka cire rana da wata da Zahra, da wuya ka ga abin da ya fi ta haske a sararin sama. Mutanen Babila sun bi tafiyarta sun rubuta a allunan yumɓu tun kafin haihuwar Annabi Isa, sun kuma san takan ɗauki kusan shekara 12 kafin ta zagayo inda ta taso. Amma har shekarar 1610 babu wanda ya tabbatar cewa tana da 'yan rakiya.

A 1608 aka fara ƙera madubin hangen nesa a ƙasar Holan. Labari ya kai wa wani malamin lissafi a jami'ar Padua ta Italiya, mai suna Galileo Galilei, shi kuma bai yi wata-wata ba ya zauna ya goge gilasai ya haɗa nasa, har ya samu mai ƙara girman abu kusan sau 20. A daren 7 ga Janairu 1610 ya saita shi kan Mushtari, sai ya ga wasu 'yan taurari uku a jere kusa da ita. Washegari ya sake dubawa, ya tarar sun sauya wuri. Ranar 13 ga wata na huɗu ya bayyana. Da ya yi ta bin su dare bayan dare, wani ya ɓace wani ya ɓullo, sai ya gane cewa kewaya ta suke yi.

To ina abin rigima a nan? A wancan zamani abin da ake koyarwa a jami'o'in Turai shi ne, duniyarmu ce cibiya, komai na sama ita yake yi wa ɗawafi. Ga shi kuwa an ga abu huɗu suna ɗawafi ga wata daban. Masu musun ra'ayin Kofanikus, wanda ya ce mu ne ke zagaya rana, sukan kafa hujja da cewa in da duniya na gudu da ta bar watanta a baya. Sai ga Mushtari, wadda kowa ya yarda tafiya take yi, tana jan huɗu ba ta yar da ko ɗaya ba. Wasu malaman jami'a ƙin leƙa madubin ma suka yi.

Shi kuwa gogan naka ba ya wasa da cikinsa. A littafin da ya buga cikin Maris na shekarar, Sidereus Nuncius, ya raɗa wa watannin sunan gidan Medici, masu mulkin Tuskani, kuma kafin shekara ta ƙare an naɗa shi babban masanin lissafi na fadarsu. In wannan ba roƙo ba ne, to ni ban san roƙo ba! Sunan dai bai bi su ba. Waɗanda ake amfani da su yau, Io da Europa da Ganymede da Callisto, wani Bajamushe ne Simon Marius ya wallafa su a 1614, mutumin da Galileo ya zarga da satar fasaha. A 1616 Cocin Katolika ta haramta koyar da ra'ayin Kofanikus, a 1633 ta gurfanar da Galileo, aka tilasta masa janye maganarsa, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa har ya mutu a 1642. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya fito ya ce alƙalan sun yi kuskure.

Ɓangaren da ya fi burge ni a tarihin nan ya zo ne bayan mutuwarsa. Io, wanda ya fi kusa da Mushtari cikin huɗun, yakan zagaye ta cikin awa 42 da rabi, kowane zagaye kuma sai ya shige inuwarta ya yi husufi. Wannan ya zama tamkar agogo a sama, wanda mutumin Faris da na bakin teku za su kalla lokaci guda, su gwada da agogon garinsu, su san nisan gabas da yamma tsakaninsu. Da shi aka sake auna ƙasar Faransa, aka ga ashe ba ta kai faɗin da tsofaffin taswirori suka ba ta ba, har ana ba da labarin Sarki Luwi na 14 ya yi ƙorafin masanansa sun cinye masa ƙasa fiye da abokan gaba. Sai dai agogon yana da wata 'yar matsala: wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya makara. Wani ɗan ƙasar Danmak mai aiki a Faris, Ole Rømer, ya lura cewa makarar takan zo ne idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari. A 1676 ya bayyana dalili: Io bai makara ba, haskensa ne ke ɗaukar lokaci kafin ya iso. Kafin nan yawancin masana sun ɗauka haske ba ya buƙatar lokaci ko kaɗan. Ya ƙiyasta minti 22 don haske ya ratsa faɗin kewayen da muke yi wa rana, alhali bai cika 17 ba, amma dai shi ya buɗe ƙofar.

Ita kanta Mushtari sannu a hankali aka san ta. Nisanta da rana kilomita miliyan 778 ne, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11, in kuma aka tara sauran duniyoyi bakwai a sikeli guda, ta ninka nauyinsu sau biyu da rabi. Duk da wannan jiki, cikin ƙasa da awa 10 take juyawa, shi ya sa ƙugunta ya bunƙaso. Babu ƙasar da mutum zai taka a can. Iskar haidurojin ce da hiliyam, tana ƙara kauri yayin da ake nutsawa har ta zama ruwa, can ciki kuma matsi ya mai da ita mai ɗaukar lantarki kamar ƙarfe. Ratsin da ake gani a jikinta kamar na saƙi, gajimare ne da iska ke ja gabas da yamma. Jan tabon nan nata kuwa guguwa ce da ake kallo ba yankewa tun 1878. A ƙarshen ƙarni na 19 tsawonta ya kai kilomita 40,000, yanzu ta tsuke zuwa wajen 14,000, amma har yau za ta haɗiye duniyarmu.

Wata na biyar sai a 1892 Edward Barnard ya hango shi a Amurka, bayan shekara 282. Yau an ƙidaya fiye da 90, galibi duwatsu ne ƙanana.

Daga 1973 kumbuna suka fara isa. A 1979 wata ma'aikaciya Linda Morabito na duba hoton da Voyager 1 ya aiko, ta ga wani tururi ya yi tsiri a gefen Io: dutse ne ke aman wuta, na farko da aka gani yana aiki a wajen duniyarmu. Dalili kuwa, Mushtari da sauran watannin ne ke matsa shi suna saki kamar mai kwaɓa fulawa, cikinsa ya yi ta zafi. Wannan matsi shi ake ganin ya hana tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa daskarewa, tekun da ake ƙiyasta ruwansa ya fi na duk tekunanmu.

Kumbon da aka raɗa wa sunan Galileo ya isa a Disamba 1995, wata na'ura da ya saki tun yana kan hanya ta sauka da laima cikin iskar Mushtari, ta yi minti 58 tana aiko bayani kafin zafi da matsi su gama da ita. Da mansa ya kusa ƙarewa, sai masu shi suka ji tsoron kada wata rana ya faɗa kan Europa da ƙwayoyin cutar da ya kwaso daga nan, ya gurɓata wurin da ake zaton zai iya ɗaukar rai. Saboda haka ranar 21 ga Satumba 2003 da gangan suka tura shi cikin Mushtari ya ƙone. A Oktoba 2024 Amurka ta harba wani, Europa Clipper, wanda ake sa ran zai isa a 2030. Shi ma tun kafin ya tashi an tsara masa inda zai ƙare, a kan Ganymede, don kada ya taɓa Europa.