Yadda ɗan tsaiko ke sarrafa ƙwayoyin gado a jikin ɗan Adam

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura maki 40 a ma'aunin Selshiyos a jihar Kebbi, manomin albasa a Aliero da ɗan dako a kasuwar Jega kan wuni suna aiki a rana. Idan zafin jikinsu ya hau, ƙwayoyin halittar jikin kan gaggauta ƙera wasu sinadaran furotin da ke kare sauran sinadarai daga lalacewa.

Masana kimiyya sun gano cewa wannan hanzari ya samo asali ne daga wani ɗan tsaiko da ake yi tun kafin zafin ya zo.

Magatakardan jiki

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA, wanda za a iya kwatanta shi da littafi mai haruffa kimanin biliyan 3. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da umarnin ƙera furotin.

Ba a aiki da umarnin sai an kwafe shi zuwa wani saƙo da ake kira RNA. Sinadarin da ke wannan aiki shi ne RNA folimares, wanda ke bin DNA harafi bayan harafi kamar magatakarda. Roger Kornberg na jami'ar Stanford a Amurka ya samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2006 saboda bayyana siffar sinadarin da yadda yake aiki.

Da farko an ɗauka cewa babban matakin kunna ƙwayar gado shi ne kawo magatakardan bakin shafi, kuma da zarar ya fara rubutu ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe.

Yadda aka gano tsaikon

A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa wasu sassan DNA na ƙudan 'ya'yan itace kan kumbura idan zafi ya ƙaru, alamar an soma kwafe su gadan-gadan.

A shekarar 1986 David Gilmour da John Lis na jami'ar Cornell suka tarar cewa folimares yana zaune a farkon ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado tun ba a ɗumama ƙudan ba. Bayan shekara biyu aka tabbatar ya riga ya rubuta haruffa kimanin 25, sannan ya dakata.

An jima ana ganin abin ya keɓanta ne da ƙwayoyin gado 'yan kaɗan. Sai dai bincike a shekarun 2007 da 2008 ya nuna cewa dubbansu ne ke da wannan ɗabi'a, a ƙuda da kuma a mutum.

Masu riƙewa da mai saki

Galibi folimares kan tsaya ne bayan haruffa 20 zuwa 60. Sinadarai biyu ne ke riƙe shi, DSIF da NELF, waɗanda ayarin Hiroshi Handa ya gano a Japan a shekarun 1998 da 1999.

Mai sakinsa kuwa shi ne P-TEFb, wanda David Price na jami'ar Iowa da abokan aikinsa suka gano. Shi ne ke manna wa masu riƙon wata alama, sai NELF ya janye, DSIF kuma ya koma ɗan rakiya, magatakarda ya ci gaba da rubutu.

Amfanin hakan a fili yake. Magatakardan da ya riga ya buɗe shafi, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fi wanda za a aika a kira saurin cika umarni. Tsaikon kuma yana hana shafin rufewa, tare da bai wa ƙwayoyin halitta da dama damar amsa kira a lokaci guda, abin da ke da muhimmanci yayin girman ɗan tayi.

Alaƙa da cutar ƙanjamau

Ƙwayar cutar HIV kan cusa nata umarnin a cikin DNA na mutum, don haka folimares na mutum ne ke kwafe mata shi. A nan ma yakan tsaya bayan 'yan haruffa. Ƙwayar cutar tana da wani furotin mai suna Tat, kuma a shekarar 1998 aka gano cewa aikinsa shi ne janyo P-TEFb domin a saki folimares.

Idan Tat ko P-TEFb ya yi ƙaranci, kamar yadda yake a ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hutawa, ƙwayar cutar kan lafe shekara da shekaru, inda magani ba ya kai gare ta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa cutar kan dawo cikin 'yan makonni idan aka daina shan magani, ko da gwaji ya daina ganinta a jini.

A shekarar 2006 ne gwamnatin Najeriya ta fara raba magungunan rage kaifin cutar kyauta, kuma likitoci na jaddada cewa ana shan su ne har tsawon rayuwa.

Masu bincike na gwada magungunan da za su tayar da ƙwayar cutar daga maɓoyarta domin a hallaka ta, da waɗanda za su rufe ta dindindin. Haka kuma ana gwada masu toshe P-TEFb a kan wasu nau'o'in cutar sankarar jini. Kawo yanzu dai waɗannan hanyoyi suna matakin gwaji.